Faɗa Mini Ta Kunnen Dama

Ranar da ya fara ganinta, Sanyi ya makara. Firjin wani kanti ne ya riƙe shi, kafin ya wanke baƙin mai daga hannunsa ya iso zauren kiɗa har an fara. Mai sayar da tikiti ya leƙo ta 'yar tagarsa ya ce kujera ɗaya ta rage, a layin gaba, ta biyun ƙarshe ta dama, kusa da lasifika. Ya ƙara da cewa duk wanda ya zauna a wurin sai ya kwana biyu yana jin zuma na kuka a kansa.

Sanyi ya ce ya ji ya gani. Abokan aiki ne suka laƙaba masa wannan suna, don gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ne sana'arsa, kuma shi kansa ko gobara ake yi a hankali yake tafiya.

Zauren tsohuwar silima ce aka mayar gidan kiɗa. Babu taga ko ɗaya. Kujerun na jar leda ne, soso ya fara leƙowa daga cikinsu, fankokin sama kuma suna juyawa kamar an tashe su daga barci. Duk Asabar da yamma, daga huɗu zuwa shida da rabi, wurin cika yake har bakin ƙofa, musamman idan tsohuwar mawaƙiyar nan da kowa ke kira Gwaggo ce za ta hau dandamali.

A kujerar ƙarshe, wadda ke manne da lasifikar, wata siririyar budurwa ce zaune. Ta ɗora tafin hannunta a kan katakon dandamali, idanunta a rufe, hawaye na bin kumatunta. Waƙar kuwa ba ta kuka ba ce, mutane har rawa suke yi a tsakanin kujeru.

Ya zauna ta hagunta. Ya ce, “Baiwar Allah, lafiya?” Ba ta motsa ba. Ya sake, ya kuma sakewa. Da ya ga ko gezau, sai ya ce a ransa wannan dai girman kai ya yi mata yawa. Duk da haka ya ciro hankicinsa ya ajiye a kan katakon, kusa da yatsunta.

Sai da aka tafi hutun rabin lokaci ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi, ta yi godiya. Ya lura ba idonsa take kallo ba, bakinsa take kallo, har ya sa hannu ya goge ko wani abu ya maƙale. Ya ce ya yi mata magana sau uku ta share shi. Ta ce ƙarar ce ta yi yawa. Ya yarda, don shi ma kansa ya fara sarawa.

Da aka tashi ya roƙi lambarta. Ta ba shi, amma da sharaɗi: saƙo kawai, ban da kira. Ta ce aikinta amsa waya ne a wani kamfanin sufuri, daga safe har yamma, in ta tashi kunnenta hutu yake so.

Rabin gaskiya ta faɗa masa. Auta, kamar yadda ake kiranta a gida, kunnenta na hagu ya mutu tun shekara biyu da suka wuce, na daman ma yana bin sahu. Likita ya ce jijiyar ce take mutuwa a hankali, ba abin da magani zai yi, na'urar da ake sawa a kunne ma ɗan lokaci za ta taimaka. Gado ne. Mahaifiyarta da shi ta rayu, kuma da shi ta rasu: wata safiya tana tsallaka titi mai mota ya yi ta danna hon, ba ta ji ba.

Likita ya hana ta zuwa inda ake ƙara. Auta ta ce abin da zai tafi zai tafi, gara ya tafi a ƙoshe. Shi ya sa duk Asabar take sayen kujerar da kowa ke gudu, tana tara waƙoƙi a kanta kamar mai haɗa guzuri.

*

Saƙonsa na farko ya shigo washegari da safe.

“Maƙwabciya, ina kwana? Har yanzu zuma na kuka a kaina. Ke da wane irin kunne Allah ya yi ki?”

Ta sake karanta tambayar, sannan ta amsa.

“Irin wanda ba ya ƙoshi. Hankicinka na nan, na wanke. In kana so, ka san inda ake samuna.”

Asabar ta zagayo, ya riga ta zuwa. Ta ce wannan karon shi zai zauna a kujerar ƙarshe, ita ta koma tasa. Ya ce wato hukuncinsa ke nan na kawo mata hankici, a liƙa shi da lasifika. Ta yi dariya ta ce maƙwabci na gari shi ke tare wa maƙwabciyarsa iska. Bai san ta damanta take so ya zauna ba, don ta riƙa jin muryarsa.

Haka suka ɗauki wata bakwai. Sun san mutanen layin gaba kaf, duk da ba su san sunan kowa ba. Akwai wani tsoho mai sanda da ba ya tashi sai an zo waƙa ta huɗu, sannan ya miƙa wa na kusa da shi sandar ya yi rawar minti biyu, ya zauna yana haki yana cewa likita ne ya rubuta masa. Akwai wasu mata biyu, yaya da ƙanwa, da suke rera kowace waƙa gaba da mawaƙiyar, har wata rana Gwaggo ta tsaya ta ce su hau su karɓi makirufo ta huta. Akwai mai ɗaukar hoto da waya tun daga farko har ƙarshe, wanda Auta ta ce bai taɓa ganin wasan ba, wayarsa ce ke gani.

In mai ganga ya saki hannu, kiɗan a ƙirji ake jin sa kafin kunne. Auta takan ce wa Sanyi ya ɗora hannu a kan katakon ya ji. Ya ɗora, ya ji yana rawa a ƙarƙashin tafinsa kamar bayan firji mai lafiya. Da ya faɗa mata haka, ta ce shi ko aljanna aka kai shi sai ya nemi inda injin yake.

Bayan an tashi sukan tsaya a wani ɗan shago da ke daura da zauren su sha shayi, ita kullum ta zaɓi teburin da ke da haske. Sannan ya raka ta tashar bas. Kafin ta isa gida saƙo ya riga ta.

“Maƙwabciyar zuciyata, yau ban ji waƙa ko ɗaya ba. Ke na yi ta kallo kina ji.”

“To ka yi asarar tikiti, Sanyina.”

“Ribar da na ci ba ta da lissafi.”

Sau da yawa ta ɗauki waya za ta faɗa masa gaskiya, ta rubuta ta goge. Tana tsoron ranar da zai daina kallonta da so ya koma kallonta da tausayi.

*

Wata Asabar ruwan sama ya tsare su, suka iso a makare. Wani ƙaton mutum ya riga ya baje a kujerar ƙarshe, ya ce ko da kotu ba zai tashi ba. Dole Sanyi ya zauna ta hagunta.

Ranar ce kuma ya zaɓa. Sati biyu yana haddace maganar a wurin aiki, har ya taɓa faɗa wa wani firji. Da aka zo waƙa mai sanyi, aka rage fitilu, kiɗan jita kaɗai ke tashi, ya matso kusa da kunnenta ya ce yana son ta zama matarsa, in ta amince zai turo manyansa. Ya faɗa sau biyu.

Auta na kallon dandamali. A daidai lokacin tsohon nan ya miƙe zai yi rawarsa a inda ba a rawa, sai ta fashe da dariya, ta yi tafi.

Sanyi ya koma ya jingina. Ya jira har aka tashi, ya jira a wurin shayi, ya jira a tashar bas. Abin da ta ce kawai shi ne yau wasan ya yi daɗi, sai wata Asabar. Ya ɗauka wannan ce amsarta, ta zaɓi ta yi kamar ba ta ji ba don kada ta kunyata shi.

Ranar ba saƙon da ya riga ta gida. Ta tura masa, “Lafiya kuwa, Maƙwabci?” Sai washegari ya amsa da, “Lafiya. Aiki ne.” Asabar biyu a jere bai zo ba. Auta ta zauna kusa da kujerar da babu kowa, ta gaya wa kanta ya gane, kuma ya yi abin da take tsoro.

A cikin satin ne kuma aka kira ta ofis. Ƙorafi ya yi yawa: tana sa mutane su maimaita magana, ta rubuta wa wani fasinja ranar tafiya ba daidai ba. Shugabar sashen ta yi mata magana da taushi, amma ƙarshenta dai ta ajiye abin kunnen aikin a kan tebur, ta kwashe kofinta da hoton mahaifiyarta ta fito.

*

Mahaifiyar Sanyi, wadda kowa ke kira Mama, ta daɗe da yi masa zaɓi a ranta: 'yar ƙawarta, wadda ake yi wa laƙabi da Gimbiya saboda tafiyarta. Gimbiya tana aikin karɓar marasa lafiya a wani asibitin kunne, kuma ta taɓa ganin hoton Auta a wayar Sanyi. Ranar da Auta ta je ganin likita, Gimbiya ta gane ta. Kafin yamma labari ya isa falon Mama.

Sanyi ya dawo ya tarar da Mama zaune, ko talabijin ba ta kunna ba. Ta ce yanzu duk matan duniya ya rasa wadda zai kawo mata sai wadda za a riƙa yi wa magana da hannu. Ta ce an gaya mata abin gado ne, uwar ma haka ta mutu, ita kuwa ba za ta zuba ido jikokinta su tashi ba sa jin kiranta ba.

Bai fahimci komai ba sai da ta maimaita. Da ya fahimta, ba maganar Mama ya fara tunani ba. Kujeru ya tuna. Ya tuna inda take zaunar da shi kullum, ya tuna ƙaton mutumin nan, ya tuna ta wane gefe ya yi magana. Ya zauna a ƙasa inda yake tsaye, ya riƙe kai. Mama ta ɗauka maganarta ce ta shige shi.

Washegari ya nemi gidansu Auta. Mahaifinta ne ya buɗe ƙofa, tsohon malamin makaranta mai farin gashi da tabarau. Ya saurari Sanyi har ƙarshe, ya ba shi ruwa, sannan ya ce a'a.

Ya ce ba don ya ga aibu a tare da shi ba. Shi ma ya auri mahaifiyar Auta yana cika baki cewa so ya fi ƙarfin komai. Ya ga yadda danginsa suka riƙa zaginta a gabanta suna murmushi, ya ga yadda take zama a taro kamar baƙuwa, kuma shi kansa akwai ranakun da ya gaji da maimaita magana ya yi mata tsawa, abin da har yau yake hana shi barci.

“Ɗana, tausayi gajeren zango ne,” in ji Baba. “Wannan yarinya ita kaɗai ta rage mini. Gara ta yi kuka a ɗakina da ta yi a ɗakin wani.”

Auta tana bayan labule, ba ta ji abin da suka ce ba, amma ta ga bayansa lokacin da yake fita. Da yamma, bayan Baba ya gaya mata duk abin da Sanyi ya faɗa, har da maganar Mama, ta tura masa saƙo.

“Yanzu ka sani. Ka yafe mini ɓoyewar da na yi. Likita ya ce jin da ya rage mini bai fi na 'yan watanni ba. Ka bi maganar Mama, ba ta yi ƙarya ba. Na gode da wata bakwai, sun ishe ni.”

Ya amsa nan take.

“Ranar ruwan sama na ce ki aure ni. Ta hagunki na faɗa. Na ɗauka kin ƙi ni ne, shi ya sa na gudu. Ni ne mai neman gafara, Maƙwabciya.”

Ta karanta ta kifa wayar a kan katifa, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka sallame ta daga aiki. An nemi aurenta, a wurin da ta fi so a duniya, tana tafa wa wani tsoho. Ba ta ba shi amsa ba. Zauren ma ta daina zuwa.

*

Sanyi bai daina ba. Duk Asabar tikiti biyu yake saye, ya zauna kusa da lasifika, kujerarta a wofi. In an tashi ya rubuta mata rahoto.

“Yau tsohonmu ya manta wa ya ba sandarsa, an yi ta cigiya. Yaya da ƙanwa sun yi faɗa, kowacce ta zauna a gefe, amma da aka zo amshi tare suka ɗauka. Mai ganga ya yi aski, bai yi masa kyau ba. An tambaye ni ke.”

Wata Asabar kuma:

“Muryar Gwaggo ta shaƙe a tsakiyar waƙa, ta tsaya ta sha ruwa, zaure ya yi tsit, ba wanda ya yi tari. Na ɗora hannu a kan katako a madadinki. Ba ki amsa ba ma ba komai. Ina nan.”

Tana karanta kowanne, har ta haddace. Baba yana ganinta tana murmushi da hawaye a kan waya, ya kau da kai.

Mama kuwa ta ga ɗanta yana ramewa, abinci sai ya juya cokali ya tashi, Gimbiya ta zo gaisuwa ya amsa daga bakin ƙofa. Ta yanke shawarar zuwa da kanta ta ce wa yarinyar ta sakar mata ɗa.

Ta je da shirin faɗa. Auta ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo mata ruwa, sannan ta roƙe ta da ta riƙa kallonta in tana magana, don da baki take gane rabin zance. Mama ta faɗi abin da ya kawo ta. Auta ta ce ai tuni ta sake shi, wata biyu ke nan ko harafi ba ta tura masa ba, ta miƙa mata wayar ta duba.

“Mama, da ni ce ke, abin da zan yi ke nan,” ta ce. “Ki dai riƙa sa shi yana cin abinci. In yana cikin damuwa mantawa yake yi.”

Mama ta koma gida da faɗanta a baki, ba inda ta sauke shi. 

*

Sai ga sanarwa an manna a ƙofar zaure: Gwaggo za ta yi wasanta na ƙarshe, tsufa ya ce ya isa. Sanyi ya ɗauki hoton takardar ya tura wa Auta, bai ƙara ko kalma ba. Bayan awa ɗaya amsa ta zo, ta farko cikin wata biyu.

“Saya mini. Ina so in yi sallama da ita. Da kai ma.”

Ya sayi uku. Ya ajiye ɗaya a gaban Mama ya ce ba ya roƙonta ta canza ra'ayi, ta zo kawai ta ji waƙa. Ya san tun yana yaro da waƙoƙin Gwaggo take wanki da shara, kuma marigayi babansa ya taɓa kai ta jin ta tun suna saurayi da budurwa. Mama ta ce ita ta tsufa da shiga cunkoso. Amma ranar Asabar ta riga shi shiryawa.

Zauren bai taɓa cika irin na ranar ba. Mutane a tsaye a jikin bango, wasu a zaune a kan matakala. Sanyi ya zauna ta hagun Auta, ya bar wa Mama kujerar dama. Mama ta dubi lasifikar ta ce wannan ai kisan kai ne, ta zauna tana ɓata rai.

Auta ta rame. Yanzu ko a nan, kiɗan daga nesa yake zuwar mata, kamar ana yi a gidan maƙwabta. Ta ɗora hannu a kan katako ta rufe ido.

Aka zo waƙar ƙarshe, wadda kowa ya zo dominta, ta uwar da take sallamar 'yarta. Gwaggo ta buɗe baki ke nan wuta ta ɗauke. Lasifika ta mutu, fankoki suka tsaya, zauren ya yi duhu. Aka ji ana ta fama da janareta a baya, ya ƙi tashi.

Daga can baya wani ya ɗauki waƙar. Yaya da ƙanwar nan suka karɓa. Kafin a ƙirga goma duk zauren ya ɗauka, mutum sama da dubu, ba kiɗa ba makirufo, aka kunna fitilun waya ana kaɗawa. Gwaggo ta tsaya a kan dandamali ta rufe baki da hannu tana kuka, jama'a na rera mata waƙarta.

Auta ba ta jin komai. Katakon ya daina motsi a ƙarƙashin hannunta. Ta buɗe ido ta ga bakuna dubu suna buɗewa suna rufewa, mutane na share hawaye, ita kaɗai aka bari a waje. Ta juya hagu ta juya dama, kamar yarinyar da ta ɓace a kasuwa. Sannan ta sauke hannunta daga katakon ta ɗora a cinya, ta sunkuyar da kai.

Mama na kallonta a hasken wayoyi. Ta ga duk abin da ya wuce a fuskar nan. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta jawo kan Auta ta kwantar a kafaɗarta, ta sa bakinta daf da kunnen dama, ta shiga rera mata waƙar da tsohuwar muryarta mai karkarwa, baiti bayan baiti.

“Je ki, 'yata, hanya ta yi kira,
ban hana ki ba, idona ne ya ƙi.”

Auta ta ji. Ta ƙanƙame hannun Mama da hannu biyu. Rabonta da a rera mata waƙa a kunne tun tana 'yar shekara tara. Suka ƙare waƙar tare, mayafin Mama ya jiƙe, ba a san hawayen wa ya fi yawa ba.

Da wuta ta dawo ana ta tafi, Mama ta miƙe ta gyara mayafi ta harari ɗanta.

“Kai kuma ka zauna kamar an dasa ka. Taso ka dawo nan. An ce maka ta can ba a ji.”

Sanyi ya koma kujerar dama. Ya ciro waya zai rubuta, Auta ta dafe hannunsa.

“Ba a rubuce ba. Faɗa mini da bakinka, ta nan, tun da saura.”

Ya faɗa. Ta ce ya sake. Ya sake. Ta ce ta ji tun na farko, so take ta adana. Sannan ta ce ta amince. Tsohon nan mai sanda, wanda ashe duk yana saurare, ya ce shi shaida ne, kuma in ba a gayyace shi ba zai zo.

*

Mama da kanta ta je wurin Baba. Abin da suka tattauna ba wanda ya sani, sai dai an ga ta fito idonta ja, shi kuma ya cire tabarau yana gogewa. Abin da Auta ta samu labari kawai shi ne Mama ta ce in jikoki sun zo suna ji, alhamdulillahi, in ba sa ji, za a sami kakar da ta iya magana da hannu, don ta riga ta yi rajista a ajin koyo. Baba ya ce shi abin da ya rasa wa matarsa ke nan, uwar miji da za ta tsaya mata. Ya amince.

Saura sati uku biki, Auta ta tashi wata safiya ta ga famfo na zuba ba ƙara. Ta tafa hannu kusa da kunnenta. Ta zauna a bakin gado ta rubuta wa Sanyi.

“Ya tafi, Maƙwabci.”

Ya bar aikin da yake yi ya zo.  Ya zauna kusa da ita a falon Baba har rana ta yi sanyi.

Aka ɗaura aure ranar wata Lahadi. Amarya ba ta ji addu'ar da aka yi ba, ba ta ji kiɗan da mai gangan zaure ya zo ya yi musu kyauta ba, amma ta ga Mama na rawa, ta ga mutanen layin gaba sun cika tebur guda, ta ga mijinta yana ta kuskuren alamun hannu, yana son ya ce mata ta yi kyau yana cewa tana jin yunwa.

Da za su tafi, Baba ya kira ango gefe. Ya riƙe hannunsa ya ce ba shi da dogon wa'azi, abu ɗaya ne, wanda shi bai sani ba sai da lokaci ya ƙure.

“Za ku ɓata, kowa na ɓatawa. In kun ɓata, ka yi fushinka, amma kada ka juya mata baya, kada kuma ka kashe fitila. In ba ta ganin fuskarka, ba ta da kowa a ɗakin.”

Sanyi ya ce ya ɗauka.

Baba ya juya ga 'yarsa. Ya ɗora hannu a kanta, ya sunkuyo yadda za ta ga bakinsa sosai, ya faɗa a hankali, kalma bayan kalma: Allah ya yi miki albarka, Auta. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ki tsufa a ɗakinki ana son ki.

Ta karanta duka a leɓɓansa, ba ta rasa ko ɗaya ba. Ta ce amin, da ƙarfi fiye da yadda ta sani, har duk wanda ke wurin ya juyo ya amsa tare da ita.